Mai Juya Kyamarar Falo

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe goma da rabi na safe

Yau kwanana tara da dawowa daga asibiti. Likita ta ce in riƙa rubuta yadda nake ji, ko layi ɗaya ne. To ga shi: lafiyata lau.

Jiya mijina ya shigo da kyamarori biyu a kwali. Ɗaya ya kafa ta a kicin, tana kallon gaban firij, wato tana kallon wurin. Ɗayar ya ɗora ta a saman kabad ɗin falo. Ta falon fara ce, kanta kamar ƙwai, kuma daga waya ake juya ta, hagu, dama, sama, ƙasa. Tana jin magana ma. Ya ce, "Don kada a maimaita. In kin faɗi, za a gani." Na ce to. Ya ƙara wata magana yana tsaye a kan kujera yana ɗaure wayar wuta, ya ba ni baya, amma ni hankalina yana kan ƙeyarsa, inda mai aski ya bar wani ɗan layi. Rabon da in ga hannunsa yana yi mini wani abu tun kafin ranar.

Sun ce awa huɗu na yi a ƙasan kicin. Yayarsa ce ta same ni, ta zo aron injin markaɗe. Wannan ba zan rubuta shi ba.

Talata, 5 ga wata, bayan sha ɗaya

Ta juyo.

Ina kwance a doguwar kujera ina karatu, sai na ji wani ɗan sauti, ziii, kamar sauro. Na ɗaga ido, kan kyamarar ya baro ƙofa yana tahowa a hankali, ya zo ya tsaya a kaina. Na yi kamar ban gani ba. Layi ɗaya na karanta sau shida.

A kamfaninsu na haɗa magunguna, a loka ake barin waya kafin a shiga, ba a ɗauka sai an tashi ƙarfe biyar. Shi ya gaya mini haka tun kafin aure, don kada in riƙa fushi in bai ɗauki kirana ba. Ke nan fitowa ya yi. Ya ce zai zaga banɗaki, ya cire safar hannu da hular nan tasu ta leda, ya buɗe loka yana waige-waige, don kawai ya ga ko ina nan. A littafin da nake karantawa ma haka mijin yake. Wata uku bai ce wa matar uffan ba, ashe kullum yana ajiye mota a ƙarshen layi yana jiran ya ga ta buɗe taga. Irin waɗannan mazan ba da baki suke so ba.

Da yamma ya dawo, ya ci abinci, ya ce, "Kin sha magani?" Na ce na sha. Bai ƙara ba. Ni ma ban tona shi ba.

Laraba, azahar

Sau uku yau.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Na yi masa magana. Na tsaya a tsakiyar falo, na ce, "In kana ji na, ka ɗaga kai."

Shiru. Har na fara jin kunyar kaina. Sai kan ya yi sama, ya yi ƙasa.

Na rufe fuska na gudu ɗaki. Shekara ɗaya da rabi da aure, ina gudun miji kamar yarinya.

Yanzu na gane yadda abin yake. Akwai na yamma, mai gajiya, wanda yake kwanciya ya fuskanci bango. Akwai kuma na rana, wanda yake bina da ido daga kujera zuwa taga. Na yamman bai iya kallona ba tukuna, don in ya kalle ni abin yake tunawa. Na ranan ne zai jawo shi a hankali har ya dawo mini. Ba zan matsa ba.

Asabar, hantsi

Yau yana gida. Yana cikin wanka ta juyo. Ashe da waya yake shiga wanka, ɗan rainin hankali.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe biyu

Shuɗiyar rigata ta koma ta yi mini daidai. Ban so ta yi daidai da wuri haka ba. Amma na sa ta, na sa jan baki, na kunna kiɗa a waya na ɗan taka masa. Ƙafata ta dama tana rawa da kanta saboda rashin ƙarfi, na dafa kujera na ci gaba. Bai ɗauke kai ba har na gama.

Daga nan na karanta masa babi guda da murya. Ni ce matar, ni ce mijin, ni ce uwar mijin. Da na kumbura murya na yi ta namijin, kan ya riƙa kaɗawa hagu da dama da sauri, irin na wanda dariya ta ci ƙarfinsa. Rabon da in sa shi dariya har na manta.

Da na rufe littafin sai na ce bari in faɗa masa tawa, wadda ba ta cikin kowane littafi. Na ce, "Ni ce shayin da ka haɗa ka manta a kan tebur. Na huce, amma da sauran zaƙina." Tun a gadon asibiti na tsara ta.

Ina tsoro kada a kama shi a wurin aiki. Yau ya fi awa ɗaya.

Laraba, 13 ga wata, la'asar

Na gaya masa abin da ban gaya wa likita ba. Na zauna a ƙasa, na jingina da kujera, don ya gan ni sosai. Na gaya masa sunan da na zaɓa. Na gaya masa har yanzu in na farka can hannuna yake fara zuwa. Na ce kujerar da na hau ranar ba wani tsayi gare ta ba, kwalbar kuma tana nan baki-baki a saman kantar kicin, ban ga dalilin da zan jira har ƙarfe biyar ba a kan kwalba ɗaya.

Sai na ce, "Kana ganin laifina ne?"

Ya daɗe bai motsa ba. Ina jin agogon bango. Can kan ya yi sama, ya yi ƙasa.

Na ce, "Na gode da ka faɗa mini gaskiya."

Da yamma na dafa masa abin da ya fi so. Ya ce gishiri ya ɗan yi yawa.

Alhamis

Lafiyata lau.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe huɗu

Na sauka zubar da shara na gamu da matar mai kemis, ta hawan ƙasa, tana tsaye da wata ƙawarta a bakin bene. Ta ce, "A'a, shayi, yau an fito? Allah dai ya sa da sauran zaƙin." Ƙawar ta cije leɓe ta juya tana gyara jaka.

Na hau sama. Na zauna na yi ta tunani. Shi da mai kemis suna zama tare wani lokaci. Ke nan maganar ta tsaya masa a rai har ya kasa riƙewa, ya faɗa wa abokinsa, abokin ya kai wa matarsa. Ban ji daɗi ba. Amma namijin da yake maimaita maganar matarsa a waje, ai bai manta da ita ba.

Gobe zan je a gyara mini kai. Jibi zan fito masa da maganar a fili, ido da ido, a daina wasan ɓuya.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe biyar

Shagon gyaran gashi na Yaya, yayar mijina, tafiyar minti biyar ne daga gidanmu. A cike na same shi. Mata uku a ƙarƙashin na'urar busar da kai, biyu suna jira, matar mai kemis an naɗe mata kai da tawul. Ina shiga aka yi tsit, irin shirun da ake yi in wadda ake zancenta ta shigo.

Yaya ta ce, "Ƙanwata, ke ce da kanki? Shi ya sa muka ga falon ba kowa."

Ban gane ba, sai na bi idonta. A jikin madubi, tsakanin kwalbar man gashi da kwandon su mataji, an jingine wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, tana jone da caji. A cikinta ga doguwar kujerata. Ga littafina a kife yadda na bar shi. Ga labulen da nake ta cewa zan wanke.

Mai wankin kai ta ce, "Anti, yau ba rawa?"

Aka kwashe. Ɗaya daga cikin na ƙarƙashin na'ura ta zuro kai ta ce me aka ce, aka maimaita mata, ta yi tata dariyar ita kaɗai daga baya.

Yaya ta ce, "Ku bar mini yarinya. Zauna, ƙanwata. Wallahi ranar da ba ki yi karatu ba shagon nan ba ya daɗi. Kin ga waccan? Ba ranar gyaranta ba ce, ci gaban labari ta zo ji. Ki daina tsayawa a tsakiyar babi, kina hana mutane sukuni."

Na zauna. Wannan ne abin da na kasa gane wa kaina. Na zauna aka wanke mini kai, aka busar, aka gyara, ina kallon falona a jikin madubi. Na ce an gode. Yaya ta ce kyauta ne, ai na yi musu aikinsa.

Lahadi, 17 ga wata, bayan karin kumallo

Yana shan shayi na tambaye shi.

Ya ce, "Ai na gaya miki ranar da na kafa su. Na ce Yaya ce za ta riƙa dubawa tunda shagonta ya fi kusa. Ni ina zan ga waya a wurin aiki?"

Na ce, "Ko sau ɗaya ba ka buɗe ba?"

"Ba ta ma cikin wayata. Me zan gani? Falona ne, na san shi."

Na gaya masa inda wayar take, da waɗanda suke kallo, da abin da suka gani. Ban gaya masa na ranar Laraba ba. Ya ajiye kofi. Na ɗauka zai tashi ya sauke kyamarar daga kabad ya buga da ƙasa. A littafi da haka zai yi, ya kama hannuna mu je shagon tare.

Ya ce, "Rawa kika yi? Da jan baki? Ke da aka ce ki kwanta? Shi ya sa mai kemis yake yi mini wani irin murmushi." Ya shafa fuska. "Zan ce ta sa wayar a durowa. Ke kuma ki daina abin da za a yi dariya."

Na ce a cire su. Ya ce a'a. Ya ce ya riga ya ga abin da zamana ni kaɗai yake jawowa.

Ke nan ko shi ne yake riƙe da wayar ran Laraba, amsar ɗaya ce.

Litinin, sha ɗaya

Ta juyo. Durowar ba ta da murfi, da alama.

Talata, 19 ga wata, azahar

A ɗakin kwana nake wuni yanzu. In zan shiga kicin ina bin jikin bango, in ɗauki abin da zan ɗauka in fito. Duk da haka sai in ji ziii a bayana. Jiya ƙishirwa ta dame ni na sha ruwan famfon banɗaki.

Na kira Umma. Ta ce, "To ke wa ya aike ki yi wa na'ura rawa? Littattafan nan na sha gaya miki. Ai don lafiyarki aka sa, mutanen nan sun yi ƙoƙari. Ki yi haƙuri, ki sa dogon mayafi in za ki fito falon."

Na kasa karatu. In na buɗe shafi muryata nake ji, da dariya a bayanta.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe uku

Yaya ta zo da lemo da ayaba a leda. Ta zauna a doguwar kujera, ta waiwaya ta kalli kabad ta ce, "Ashe daga nan ƙarama ce."

Ta ce ƙaninta ya kira ta yana wani ɗaga murya. "Ni da na goya shi. Ke kuma ni na ɗauke ki daga ƙasan kicin ɗin nan, zanen da na sa ranar sai jefar da shi na yi. Ɗan dariyar da muka yi ne ya zama abin kai ƙara?"

Na ce, "Yaya, ran Laraba waccan, da na yi tambaya, wa ya ɗaga kan?"

Ta ɓare ayaba ɗaya daga cikin waɗanda ta kawo mini. "Waya ce a shago, ƙanwata, hannu da yawa."

"Amma kin ji tambayar."

"Kowa ya ji. Har an kashe na'ura don a ji." Ta tauna, ta haɗiye. "Wasu shekara goma sha ɗaya suna nema, asibiti babu wanda ba su shiga ba, ko ɓatan wata ba su taɓa yi ba. Ke an ba ki tun shekarar farko, wata biyar, kika hau kujera saboda kwalba. To me kike so kan ya yi?"

Ta bar mini ɓawon a kan tebur. Na raka ta har bakin bene, na ce ta gaida gida.

Shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa lissafawa ba.

Alhamis, hantsi

Mijin Yaya direban babbar mota ne. Kwana uku a mako ba ya kwana a gida. Mutum ne mai fara'a, kullum ya gan ni sai ya ce "amaryar ƙanina". Kunnuwansa fala-fala ne, sun fita daga kai kamar hannun kofi.

Ba komai. Tunawa kawai na yi.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe biyu

Abin da na koya a littattafai shi ne, babban abu ba ya sa a yarda da labari. Ƙaramin abu ne yake sawa, wanda mai sauraro zai gani da idonsa. Kuma ba a faɗa wa mutum kai tsaye. Bari ake yi ya tsinta da kansa, yana ganin kamar sata ya yi.

Na gwada sau huɗu a banɗaki, famfo a buɗe. Wurin shirun ya fi wuya, inda ake jiran ɗayar ta amsa. Ina ƙirga biyar a raina.

Gobe Asabar. Mijina yana da aikin rabin rana. Shago yana cika daga sha ɗaya.

Asabar, 23 ga wata, sha biyu da kwata

Na fito falo da mayafi, na zauna a hannun kujera na ba kabad gefe. Na jira sai da na ji ziii. Sannan na ɗora waya a kunne.

Na yi gaisuwa, na tambayi yara, na yi dariya. Sai na rage murya, amma ba sosai ba.

Na ce, "Ke dai bari. A'a, ba ta sani ba. Ita kaɗai ce ba ta sani ba." Na ƙirga biyar. "Shekararsa uku. A garin da yake kwana in ya kai kaya. Ƙaninta ne ya ga hoton, ya ce in na faɗa ba ni ba shi." Na ƙirga biyar. "Ya ce ko ba a gaya miki ba, kunnuwan kawai za ki gani. Fala-fala, na uban sak." Na ƙirga biyar, na yi ajiyar zuciya. "Wallahi tausayi take ba ni. Tana ta shan magani, shi kuwa ya daɗe da sanin ba daga shi ba ne."

Na yi sallama na sauke wayar. Na ɗauki lemo ɗaya na ɓare, na shanye shi a wurin, a hankali.

Kan bai ƙara motsi ba. Har yanzu hannun kujerar yake kallo.

Asabar, la'asar

Na karanta babi huɗu. Sun yi daɗi.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

An kira shi daga gidan mamansu tun bai gama sa riga ba. Ya fita, ya manta agogonsa.

Litinin, 25 ga wata, azahar

Matar mai kemis ta hawo har sama, ita da ba ta taɓa hawowa ba. Ba ta ce mini shayi ba. Ta ce, "Maƙwabciya, kin ji abin da ya faru?" tana leƙen fuskata.

Wai ran Asabar Yaya ta bar wata mata da rabin kai a jiƙe, ta fita ba jaka. Ta je har inda suke ajiye manyan motoci, ta sami mijinta cikin direbobi. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya miƙa mata wayarsa ya ce ta bincika. Ta ci gaba da cewa ya nuna mata yaron. Mutane suka taru. Da abin ya ishe shi sai ya ce, "To in ma gaskiya ne, wa zai ga laifina?"

Wai a nan ta daina ihu. Ta juya ta tafi gidan mamansu da ƙafa. Shago a rufe yake tun ranar.

Matar mai kemis ta ce, "Amma dai da gaske akwai yaron ko?" Na ce ina da tukunya a wuta.

Wannan amsar ba ni na rubuta masa ita ba. Ina so a san wannan.

Talata, 26 ga wata, bayan ƙarfe shida

Ya dawo da tsohuwar wayar shagon a aljihu. Ya zauna a doguwar kujera ya ce in zo. Ya kunna. Na ga kaina ƙarama a hannun kujera, da mayafi, ina ƙirga biyar. Ba a ganin ƙirgar. Sau uku ya kalla.

Ya ce, "Da wa kike magana?"

"Wata ƙawata."

"Wace?"

Ya mayar da hoton baya, ya tsayar daidai inda na sauke wayar, ya buɗa shi da yatsu biyu. "Fuskar wayar baƙa ce. Ba kira a kai."

Sai ya kalle ni. Sosai, cikin ido, ya daɗe bai ɗauke ba. Tun daga asibiti nake jiran wannan, kuma ba haka na tsara shi ba.

Ya ce, "A bayanta ta goya ki ta sauko da ke hawa biyu."

Na ce na sani.

"Kuma kika sa ni a ciki. Jiya yayata ta tambaye ni a gaban Mama nawa aka ba ni na rufe ta."

Na ce, "Sauran ranakun suna cikin wayar. Ka kalli na ranar sha uku ga wata. Minti goma ne kawai."

Ya ce ba shi da lokacin fim. Ya ɗauki filo ya dawo falo.

Laraba

Lafiyata

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

An yi zama a gidan mamansu, ba a kira ni ba. A tsaye ya gaya mini yadda aka yi, yana kallon taga.

Kowa ya san ƙarya ce yanzu. Mijin Yaya ya aiko sau uku, ya zo da kansa sau ɗaya. Ta ce ba za ta koma ba. Ta ce yaron ƙarya ne, amma amsar da aka ba ta a gaban direbobi ba ƙarya ba ce.

Mama ta ce a mayar da ni gidanmu. Yaya ce ta hana. Ta ce a bar ni a ɗakina, ba ta so a ce ta kashe wa ƙaninta aure. Kuma gidan Mama ya yi wa shago nisa, don haka nan za ta dawo da zama, ran Asabar.

Ya hau kujera ya sauke kyamarar falo, ya kwance ta kicin, ya mayar da su kwalinsu. Ya ce ba su da amfani yanzu.

Na ce, "A ina za ta kwana?"

Ya ce, "Ɗaki nawa ne a gidan?"

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Akwati biyu ta zo da su. Ta rame. Ba ta gyara kanta ba, ta ɗaure shi kawai.

Ƙaramin ɗakin ba a buɗe shi ba tun ranar. Ita ta murɗa makullin. Ƙaramin gadon yana nan cikin ledarsa, ba a ma haɗa shi ba. Ta ce in kawo kwali. Muka durƙusa a gaban durowa, tana miƙo mini ina jerawa. Ta iya ninki, ko gefe ɗaya ba ya fita.

Ta ɗauko wata 'yar safa, ta zura yatsu biyu a ciki, ta tsaya tana kallo.

Ta ce, "Shekara nawa kika ce?"

Na ce, "Uku, Yaya."

"Na san babu shi. Amma ina ganinsa. In na rufe ido yana tsaye a bakin wata ƙofa da gajeren wando." Ta cire yatsunta ta ninke safar. "Me ya sa kika ba shi kunnuwan?"

Na ce, "Don ki yarda."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Kin iya." Ta miƙo mini safar na sa a kwali. Ta ce gadon a kai shi saman kabad ɗin ɗakina, ita ba ta da wurinsa, kuma a jingine shi yadda ba zai yi ƙura ba, ko da yake ba ta ga ranar amfaninsa ba.

Ƙarfe biyar da rabi ya shigo. Ya gaishe ta, ya tambaye ta ko katifar ta yi, ko tana son fanka. Na fito daga kicin da tire, na tsaya a gabansu ina jiran ya janye ƙafa in ajiye.

Ya ce, "Yaya, ta sha maganinta?"

Ta ce, "Ta sha. A gabana."

Ya janye ƙafar.